Farar Ƙafa da Jar Ƙwallo

A wajen masu lalle maganar ta fara, kafin la'asar ta gama zaga unguwar: wai Zunaira farar ƙafa gare ta. Tun ranar da aka saka mata zoben Taimur, ɗan yayar mahaifiyarta, sandarsa ta wasan kurket ta daina cin ƙwallo. Wasa biyar ta je kallo, sau biyar ya fito da ƙwai, ko maki ɗaya babu. Duk birnin Multan ba a samu wanda ya tambayi yadda ya yi a wasannin da ba ta je ba.

Saura kwana tara 'yan wasan ƙasa maza su tashi Ostireliya da Taimur, su kuma mata su nufi Ingila da Zunaira, wadda ba ta da na biyu wajen jifa da hannun hagu. An sa bikinsu bayan dawowa.

Tana murza gurasa a kicin Khala Nasreen ta shigo. Ita ce uwar Taimur, ita ce kuma ta riƙe Zunaira tun tana shekara shida, da mahaifiyarta ta rasu.

"Zuni, 'yata… bikin nan a ɗan ɗaga shi."

Muciyar murzawa ta tsaya a hannunta.

"Khala, har ke?"

"Ni ban ce komai ba! Mutane ne. Amma sau biyar fa, Zuni, sau biyar! Kada ki raka shi filin jirgi. Ki yi min wannan, don nonon 'yar'uwata da kika sha."

"To, Khala."

Abin da bakinta ya faɗa ke nan. A ranta kuwa sai tambaya. In gaskiya ne fa? In ita ce ke kashe masa sana'a?

Sai dai yarinyar da ta yi shekara goma tana karantar ƙafafun masu bugu don ta gano inda za ta kayar da su, ba a gamsar da ita da "wai". Ta rufe ɗaki, ta buɗe waya, ta bi wasanninsa ɗaya bayan ɗaya. Ba sau biyar ya faɗi ba, sau takwas ne. Uku daga ciki tana can Karachi a sansanin horo. Ta sake kallo, tana tsayar da hoton. Duk takwas ɗin masu jifa da hagu ne suka fitar da shi. Kuma kafin kowace ƙwallo sai ya ɗan karkata kai, kamar mai leƙen ƙofa.

Ta kira shi.

"Ka same ni a filin makarantarmu bayan la'asar. Ka zo da sandarka."

"Ranki ya daɗe, ba kya tsoron ƙafarki ta karya min ita?"

"Taimur, ba wasa nake ba."

Ya zo yana murmushin nan da ya sa ta ƙi 'ya'yan masu gonakin mangwaro har uku. Ta miƙa masa hular kwano.

"Hula? Don jifan mace?"

"Macen da ta kayar da kai sau nawa a kan rufin gidanmu? Saka!"

Ya saka yana dariya. Ta ja da baya, ta goga jar ƙwallon a wandonta, ta taho. Jifan farko ta aika ta damansa, ya make ta har bangon masallaci.

"Kin gani? Je ki ɗauko!"

Ba ta kula shi ba. Ta ɗauki wata, ta sauya kusurwa, ta sako ta a hankali, irin jifan da ɗan firamare zai buga. Ƙwallon ta wuce sandarsa, ta daki hular a gefen hagu. Ƙwam!

Bai kauce ba. Ko ƙiftawa bai yi ba.

Sai cewa ya yi:

"Rana ce ta shiga idona…"

"Ranar tana bayanka."

"Zuni…"

"Rufe idonka na dama. Yatsu nawa na ɗaga?"

Sannan ya zare hular, ya zauna a ƙasa kamar wanda aka cire wa laka.

"Ƙwallo ce ta same ni a gira wajen horo. Na ɗauka zai wuce. Na je wajen wani likita a ɓoye, ya ce sai an yi aiki, wata shida ba wasa."

"Gwajin ƙungiya fa? Ya aka yi ka tsallake?"

"Allon haruffan gwajin idon na haddace."

"Innalillahi! Ka haddace? Kuma kana ji ana ce min mai farar ƙafa a gidan biki, a kasuwa, har a kicin ɗin Khala, ka yi shiru?"

"Wallahi ba ni na fara ba!"

"Amma ta yi maka rana, ko? Ka samu inuwa ka fake."

Ya kama gefen mayafinta, idonsa ya kawo ruwa.

"Rabin raina, shekara goma sha ɗaya nake jiran wannan kiran na ƙungiyar ƙasa. Abba har ya rasu yana cewa zai ga sunana a wannan tafiyar. Wata biyu kacal! Ki rufa min asiri, in na dawo a yi aikin, a yi bikin, in tsaya gaban kowa in wanke ki."

Ta dube shi. Tana son sa, son da ba ta san ranar da ya fara ba. Kuma ta san ƙasar filayen Ostireliya, ta san yadda ƙwallo ke tashi daga kanta ta nufi kai da gudun mota a babban titi.

"Taimur, sunan zan iya ɗauka. Ko shekara goma ne zan ɗauka saboda kai. Amma wadda na jefa maka yanzu, da can ne, da ba a zaune kake kana min magana ba."

"Za ki kai ni ƙara ke nan?"

"Gobe da safe zan kira likitan ƙungiyarku. In ka so ka tsane ni, ka karɓi zobenka. Gara in gan ka da wata a kan in ga Khala tana karɓar akwatin gawarka a filin jirgi."

Ta juya ta tafi, ba ta waiwaya ba, don in ta waiwaya ta san za ta janye.

A tsakar gida ta tarar da Khala da maƙwabta biyu suna shan shayi. Suna ganinta hirar ta mutu. Ɗaya ta ja ƙafafunta ta ɓoye a ƙarƙashin kujera.

"Daga ina?" in ji Khala. "Kada dai wajensa kika je! Zuni, ban roƙe ki ba?"

Ta kama zoben tana ƙoƙarin zare shi, yatsan ya kumbura da jifa, ya ƙi fita.

Sai ƙofa ta yi ƙara. Taimur ne, sanda a hannu, ƙura a gwiwa. Ya ajiye sandar a gaban mahaifiyarsa, ya riƙe hannun Zunaira, ya mayar da zoben mazauninsa.

"Kai, sake ta! Ba ka ga mutane ba?"

"Gara da suke nan, Ammi, su kai labarin wajen masu lalle. Ba zan je Ostireliya ba. Ni da kaina na kira likitan ƙungiya yanzu a hanya."

Kofin Khala ya karkace, shayi ya zuba a zaninta.

"Me ta yi maka? Na shiga uku, me ta yi maka?"

"Ba ta yi min komai ba. Idona na hagu ne ba ya gani. Wata bakwai ke nan. Zoben kuwa watansa huɗu."