Shayin Da Aka Sha Da Sunan Wata

"Ajiye filas ɗin nan, Mahbub. Yau ba zan dafa ba."

Ikilima ta faɗi haka ba tare da ta ɗago kai ba. Tana zaune a zauren gidansu na Garo, idanunta sun faɗa saboda sammako.

"Haba abar ƙaunata... Hajiya fa ta fara samun sauƙi."

"Na sani. Kwana arba'in ke nan ina hura wuta da asuba. Tana sha, tana sa wa Badi'a albarka."

Ba ƙarya ta yi ba. Tun farkon damina tari ya kama mahaifiyarsa Hajiya Gwamma. Maganin asibiti ya yi nasa aikin, amma maƙogwaro ya ƙi sakinta sai ta sha shayin Ikilima, wanda Mahbub ke ɗauka kullum a babur zuwa Gwarzo. Matsalar ita ce Hajiya ta rantse ko ruwa ba za ta sha daga wannan gida ba, wai Ikilima 'yar mai saiwoyi ce, asirin da aka zuba wa ɗanta ya isa. Alhali Inna Uwaliya, mahaifiyar Ikilima, ganye da sassaƙe kawai take sayarwa a kasuwar Kabo, ba ta taɓa ƙulla wa kowa laya ba. Shi kuwa gogan naka, da dabararsa da ba ta hangen gobe, sai ya ce wa Hajiya 'yar ƙanwarta Badi'a ce ke dafawa. Badi'a, wadda da ma ta daɗe tana sonsa, ta karɓi yabon hannu bibbiyu.

"Me Hajiya ta ce maka jiya?"

"Ikilima..."

"Faɗa mini."

"Ta ce wadda ta yi jinyarta ita zan aura."

Ta yi 'yar dariya mara daɗi.

"Ka gani ko? Da hannuna nake dafa wa wata aure. Shekara uku ina jiranka, Mahbub. Wallahi na gaji."

Ta shiga ciki ta ƙullo citta da kanumfari da masoro, da ganyen na'ana'a da doddoya, da 'yar kwalbar zuma. Ta zayyana masa yadda ake yi tiryan-tiryan, don ba ta son tsohuwar ta wahala saboda rigimarsu.

"Kai wa Badi'a. Ban ɓoye komai ba."

"Ni fa, masoyiyata?"

"In ka iya faɗa wa Hajiya gaskiya, ka dawo. In ba ka iya ba, kada ka ƙara wahalar da babur ɗinka."

Kwana biyar ba ta ji ƙarar babur ba. Duk da haka jikinta bai daina tashinta da asuba ba, sai ta zauna gaban murhun da ba wuta a ciki tana jin kewarsa da haushinsa a tare.

A rana ta shida, da hantsi, aka yi sallama. Hajiya Gwamma ce da kanta, tana tari cikin mayafi, Mahbub na bayanta kamar ɓarawon da aka kama. Inna ta shimfiɗa tabarma, aka gaisa, aka tambayi gida da damina da jiki, sannan Hajiya ta juyo ga Ikilima da ke durƙushe.

"Badi'a ta dafa mini wani abu baƙi ƙirin, ga ɗaci, ba ƙamshi. Komai ta zuba a tukunya lokaci guda, ta bar shi yana ta tafasa a buɗe tana latsa waya. Kurɓa ɗaya na san ba hannun ba ne. Na tsare wannan marar kunyar ɗan nawa sai da ya faɗi gaskiya." Ta numfasa. "Na zo in ga abin da ake zuba mini da idona."

Ikilima ba ta da ƙarfin kare kanta. Ta hura wuta kawai. Ta daka citta, ta zuba da kanumfari da masoro, suka tafasa. Ta sauke tukunyar ƙasa, sannan ta watsa ganyen ta rufe ruf.

"Wannan na ƙarshen fa?"

"Doddoya ce, Hajiya, irin ta bayan ɗaki."

"Don me kika sauke kafin ki zuba?"

"Ganye ba ya son wuta. In ya tafasa, ƙamshin ya bi tururi, ɗaci kawai ya rage. Jiƙa shi ake yi."

Suka jira, Hajiya na ta tari. Da tukunyar ta huce yadda tafin hannu zai iya jure ta, Ikilima ta tace, ta sa zuma.

"Shi ke nan? Ba abin da ake tofawa?"

"Bisimilla ce kawai, Hajiya."

Ta cika kofi, ta kai bakinta don ta fara sha, kamar yadda ake yi a gaban wanda ke zargin ka. Abin ya yi mata ciwo ƙwarai. Kafin ta kurɓa, Hajiya ta riƙe wuyan hannunta.

"Bari, 'yata. Ba sai kin ɗanɗana mini ba."

Ta karɓi kofin ta sha, ta lumshe ido, ta daɗe a haka.

"Uwaliya, na ɗauki alhakinku, ku yafe mini. Ki gaya wa Malam, mahaifin Ikilima, kawunnan yaron nan na zuwa neman aurenta ranar Juma'a."

"Alhamdulillahi!" in ji Mahbub. "Kin ji, hasken idona?"

Ikilima ta so ta yi murna, amma ta kasa. Ta zube gefen tabarma, kukan da ta daɗe tana dannewa ya ƙwace mata. Hajiya ta jawo kanta ta ɗora bisa cinyarta, ta dafa shi da hannu ɗaya, ta ci gaba da shan shayin da ɗayan.