Ludayin da Tokuji Ya Gyara

Aike ne fa kawai. Malam Kurihara ya ce a kai wa mai gadin jirgin koyo abincinsa, jirgin kuwa yana ɗaure can bakin mashigar teku. Ya nuna Mitsugu ɗan ajin gaba, ya nuna Tokuji, ya ce su ɗauki ƙaramin kwalekwale su dawo kafin duhu.

Na san Tokuji tun yana amai a bokiti in jirgi ya motsa. A makarantarmu ta koyon aikin jirgin ruwa ba wanda ya kai ni iya tuƙi, kowa ya sani, ba kuma wanda ya kai Tokuji tsoron kora. Ɗan kan dutse ne, ubansa mai haɗa bokitin katako, bai taɓa ganin teku ba sai da aka kawo shi. An riga an ja masa kunne: a sake samun aibu a kayan kwalekwalensa ranar dubawa, ya naɗe shimfiɗarsa.

Shi ya sa da safen nan, da ya ga wani ludayin katako rataye a ƙarƙashin bencin kwalekwalen babu gindi, ya ɗauka mugunta aka yi masa. Ya fere katako ya dasa masa gindi tsaf, aikin gidansu, ko ɗigo ba ya yi. Ya mayar ya yi shiru.

Ranar kuwa ƙarshen Obon ce, ranar sallamar matattu. Mutanen gari sun saki fitilun takarda a kan ruwa.

"Ubana masunci ne, yau ko ƙafa ba ya wankewa a teku," in ji Mitsugu. "Ja filafili, birin dutse, mu fita daga nan."

Sun miƙa abinci sun juyo, sai iska ta ɗauke ɗif. Hazo ya sauko ya shafe tudu. Wani wari ya taso, na ruɓaɓɓiyar ciyawar ruwa haɗe da turaren jana'iza. Tokuji ya lura filafilinsa yana shiga ruwa amma ba ya ƙara.

Fitilun takardar nan, maimakon su bi ruwa su fita, sai suka kewaye su.

Daga ƙarƙashin katakon da yake zaune, wata murya ta ce, a hankali, kamar mai jin kunya:

"Ara mana ludayi."

"Kar ka leƙa," Mitsugu ya raɗa masa. "Waɗanda teku ta cinye ne. So suke su cika mana jirgi mu bi su. Ludayi marar gindin nan dominsu aka rataye shi. Su yi ta ɗiba a banza har su gaji."

Tokuji ya miƙa hannu zai tare shi.

"Yaya, tsaya..."

Ina! Mitsugu ya riga ya fizgo ludayin, ko kallonsa bai yi ba, ya wurga.

Shiru.

Sai ruwa mai sanyi ya zubo wa Tokuji a ƙafa.

Hannu ya fito, fari fat, ya juye ludayi a ciki. Wani ya fito ta baya. Wani ta gaba. Kafin ka ce kwabo hannuwa sun yi wa kwalekwalen zobe, kowanne da ludayi, kowane ludayi da sabon gindi.

"Me ka yi wa ludayin nan?"

"Na... na gyara shi, Yaya."

"Uwarka ka gyara! Kwarfe! Kwarfe, biri!"

Suka hau kwarfa da hula, da kwanon abinci, da tafin hannu. Su zubar da ɗaya, a zuba musu goma. Ruwa ya wuce idon sawu. Ya kamo gwiwa. Mitsugu, ƙaton da ke marinmu don nishaɗi, yana kuka yana kiran uwarsa. Tokuji kuwa ko iyo bai gama koya ba.

A cikin wannan bala'in kunnensa ya tsinci wani abu. Duk ludayan ba sa ƙara, sai guda. Shi kaɗai ke bugun gefen jirgi, ƙwas, ƙwas. Katakon gaske. Nasa.

Ya faɗa kan ludayin da hannu biyu.

Hannun bai saki ba. Sanyinsa ya ratsa shi har haƙori. Ƙarƙashin ruwa ga fuska tana kallonsa, yaro ne sa'ansa, da hula irin tamu.

Aka fara jan sa ƙasa. Mitsugu ya cafke masa ɗamara.

Tokuji ya zaro wuƙarsa ya doki gindin da ƙota. Ko gezau. Ya sake. Kai, aikin gidansu ba na wasa ba ne!

Ruwa ya shiga hancinsa.

Ya lalubo bakin da ya dasa ƙarshe, ya soka tsini, ya murɗa.

Fau!

Ruwa ya zube daga kowane ludayi lokaci guda, yuuu, kamar saukar damina. Hannuwan suka ci gaba da ɗiba, suna ɗaga wofi. Su Tokuji suka ja filafili cikin ruwa har ƙugu, ba wanda ya waiwaya, sai da katako ya goge yashi.

Ba a kore shi ba. Ranar dubawa aka tarar da ludayin rataye a mazauninsa, jiƙe sharkaf, babu gindi. Malam Kurihara ya dube shi ya wuce.

Tokuji ya tsufa a jiragen 'yan kasuwa, mun zaga duniya tare, rabin abin da ya iya ni na koya masa. Amma bai ƙara gyara abin da ya huje ba, ko da safar ƙafarsa ce. In rana ta kusa faɗuwa kuma ba ya tsayawa kusa da gefen jirgi. Na taɓa tsokanarsa, na ce ko har yanzu ludayi suke nema?

Bai yi dariya ba.

"Ludayi suna da shi," ya ce. "Mai gyaran suke tambaya."