Mai Ganin Sauti

"Kurma, Liya? Duk samarin Zariya ki rasa wanda za ki kawo mini sai kurma?"

Haka Baba ya tare ni a tsakar gidanmu na Muchia. Shekara ashirin da biyu yana shugabancin mawaƙan cocinmu, a ganinsa abin kunya ne a ce surukinsa ba ya jin waƙa. Na ce masa sanƙarau ne ya ɗauke wa Japheth ji yana aji biyu a jami'a, kuma har yau kiɗa yake haɗawa a ɗan shagonsa na Samaru. Baba ya yi dariyar da ta ƙona mini rai, ya ce ya je ya yi ta haɗawa, amma ban da 'yarsa.

Ya manta taurin kan nan a wurinsa na gada.

Ina son Japheth, ba na ɓoyewa. Ranar da na fara shiga shagonsa na same shi ya ƙura wa kwamfuta ido yana danna kibod ɗin kiɗa. Yana da wata manhaja, filogin yake ce mata, mai zana sauti a allo nan take. In sautin mai taushi ne sai koren layi ya yi ta lanƙwasa a hankali, in mai kaifi ne ya fito da haƙora irin na zarto. Maganar mutane kuwa a leɓe yake karanta ta.

Akwai abin da na sani ban taɓa faɗa ba. Wata shida ke nan kibod ɗin coci yana wata ƙara mai tsaga kunne, mawaƙa suna gunaguni a bayan ido, Baba kuwa sai ƙara masa ƙarfi yake. A gida ma sai ya juyo da kunnen dama in Mama tana magana.

Ranar Alhamis da yamma, lokacin koyon waƙa, na tsaya a ƙofar coci riƙe da hannun Japheth.

"Kin tabbata, zuciyata?"

Na ja shi ciki.

"Fitar mini da shi!" in ji Baba.

"Ba inda za shi, Baba. Ka ba shi minti biyar ya duba kibod ɗin nan. In ya kasa, da bakina zan sallame shi..."

Ƙarya nake, ko ya kasa ba mai raba ni da shi.

Japheth ya durƙusa ya gaida Baba, ya jona kibod da kwamfutarsa, ya roƙe shi ya danna. Baba ya danna da fushi. Layin ya yi tsalle a allo, kawunansa duk a yanke kamar an bi su da almakashi. Japheth ya nuna da yatsa, ya ce sautin ya yi wa na'urar yawa, shi ya sa yake fashewa. Ya rage nan, ya murɗa can, har kawunan suka koma lanƙwasa. Baba ya sake dannawa, sauti ya fito tas. Sharon mai jan waƙa har da tafi.

Baba bai kalle ta ba. Allon yake kallo, ya danna, ya saki, ya sake dannawa. A nan na gane bai ji bambancin ba, ganinsa ya yi.

Sai ya juya wa mawaƙa baya, ya fuskanci Japheth. Ina daga gefe na ga leɓunansa suna motsi, babu murya. Duk cocin nan mutum ɗaya ne zai iya jin wannan maganar. Japheth ya gyaɗa kai, ya matsar da kwamfutar gaban Baba, ya ja kujera ya zauna kusa da shi. Tausayin ubana ya kama ni, hawaye ya cika mini ido.

Can Baba ya gyara murya.

"Liya, gaya masa ya turo manyansa ranar Asabar."

"Faɗa masa da kanka, Baba. Yana jin ka."