Goron Da Ya Koma Maraɗi

Ranar Lahadi, biyu ga watan Fabrairu na shekarar 2025, gari ya waye a Katsina da sanyi mai ratsa ƙashi, sama kuwa tas, babu ko ɗigon gajimare. Tun kafin rana ta leƙo tsakar gidan Malam Shehu Hedimasta da ke Ƙofar Marusa, an hura wuta an ɗora tukwane, domin a ranar ne manyan Lawali za su zo daga Maraɗi sa ranar aurensa da Fiddausi, 'yar Malam Shehu.

Fiddausi na zaune gaban tanda tana juya masa, hankalinta yana can bisa hanyar Jibiya.

"Ke amarya!" in ji mahaifiyarta, Hajiya Ladi. "Masa za mu ba baƙin nan ko gawayi? Juya mana!"

"Mama, wutar ce ta yi yawa."

"Wutar ce, ko Faransancin ne ya yi yawa?" yayanta Mubarak ya tsoma baki yana dariya, da tabarmi a kafaɗa.

Ta sunkuyar da kai tana murmushi. A makaranta ɗaya suke koyarwa da Lawali, wata makarantar kuɗi a Kambarawa, ita lissafi, shi Faransanci. Malam Shehu ya yi bincikensa har Maraɗi, bai samo komai ba sai alheri. Shi da bakinsa yake cewa bai taɓa ganin yaro mai ladabin Lawali ba.

Bisa al'ada, uban yarinya ba ya zama a wurin sa rana. Ƙanin Malam Shehu, wanda yaran gidan ke kira Baba Ƙarami, shi ne zai karɓi baƙi a zaure. Don haka Malam Shehu ya shige ɗakinsa, ya jawo rediyonsa. Tun da ya yi ritaya ba shi da abin so kamar shirin kiran waya na safiyar Lahadi, har masu gabatarwa sun haddace muryarsa. A wannan makon kuwa magana ɗaya ce a bakin kowa: ranar Larabar da ta wuce ficewar Nijar da Mali da Burkina Faso daga ƙungiyar ECOWAS ta tabbata.

Ta taga Fiddausi ta ji mai gabatarwa yana cewa, "Ga namu nan, Malam Shehu Hedimasta daga Ƙofar Marusa! Malam, me ka gani?"

Sai muryar mahaifinta ta tashi sau biyu, ɗaya daga ɗaki, ɗaya daga rediyo.

"Sun ce sun fita, ko? To su fita gaba ɗaya mana! Ba ka cewa ka bar gida, kuma kullum a gan ka tsakar gidan da kwanonka. A leƙa Babbar Kasuwa a gani, masu shayi su ne, masu ga-ruwa su ne, masu gadi su ne, yaranmu suna zaune ba aikin yi. A tattara su kowa ya koma ƙasarsu, a rufe boda, a jefa makullin a rijiya!"

Cokalin ya suɓuce daga hannun Fiddausi.

"Kai, yau Baba ya ɗau zafi!" in ji Mubarak, yana shirin dariya. Da ya ga fuskar ƙanwarsa sai dariyar ta maƙale.

"Yaya," ta ce a hankali, "Lawali ba ya tuƙi sai da rediyo."

Ta kira wayarsa, ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba.

Wajen hantsi motar baƙin ta tsaya a ƙofar gida. Fiddausi ta lallaɓa ta tsaya bayan ƙyauren zaure, abin da ba ta taɓa yi ba. An yi gaisuwa doguwa, an tambayi gajiya da sanyi da iyali da mutanen gida, ba a rage komai ba. Amma da aka gabatar da masa da miya, ba wanda ya miƙa hannu. Ruwa kawai suka kurɓa. Goro da alawa da dabino da buhun gishirin da suka zo da su, duk suna bayan mota ba a sauke ba.

Alhaji Sani, mahaifin Lawali, ya gyara murya.

"Mun ji saƙon maigida tun muna Jibiya. An kyauta da aka faɗa mamu da wuri, kafin mu sauke kaya."

Baba Ƙarami ya aika a kira yayansa. Malam Shehu ya fito da sauri, hularsa a karkace.

"Haba Alhaji! Ai ba da ku nake ba! Maganar siyasa ce, muhawara ce kawai. Lawali ai ɗana ne!"

"To da wa kake, Malam?" Alhaji Sani bai ɗaga murya ba. "Ka kira mani sunan mutum guda cikin waɗanda za a tattara, wanda ba ɗan uwana ba ne. Ni da kake gani, da teburin shayi na fara a kasuwar garin nan, ina saurayi. Ban taɓa jin kunyar faɗi ba. Abin da shugabanni suka yi, ba su shawarce ni ba, kai ma ba su shawarce ka ba. Amma wanda bai son ganinmu a titi, ban san yadda zai so ganinmu a zaurensa ba. Allah shi bar zumunci. Mu tashi."

Suka tashi. Lawali, wanda ya zauna a mota saboda kunyar surukai, ya tayar da ita kansa a sunkuye. Goron ya koma Maraɗi yadda ya zo.

Kwana biyu bayan haka Lawali ya same ta a ƙarƙashin bishiyar darbejiya ta harabar makaranta.

"Na kai hannu zan kashe rediyon," ya ce, "Baba ya riƙe mani hannu, ya ce a bari a ji ƙarshe. Yanzu ya ce in an yi hutu in tattara in koma gida."

"Za ka koma?"

"Fiddausi, in kin ce in tsaya…"

"Ba zan ce ba." Hawaye suka zubo mata, ba ta share ba. "Ba zan sa ka saɓa wa mahaifinka ba, kuma ba za ka ji na zagi nawa ba. Baba ya yi kuskure, na sani. Amma in muka yi aure bisa fushin iyaye, a wane gida za mu kai 'ya'yanmu gaisuwa?"

Ya ciro wata 'yar kwalba daga aljihu ya miƙa mata. Turaren wuta ne.

"Innata ta ba da. Da hannunta ta haɗa, tun kafin a taho. Ta ce in faɗa maki ita ba ta ji rediyo ba, ɗakinki yana nan ta share."

Aka yi hutu, Lawali ya tafi.

A gida kuwa Malam Shehu ya kafe. A majalisarsu ta ƙofar gida wasu suna zuga shi, suna cewa gaskiya ya faɗa, wasu suna cewa Katsina da Maraɗi ai uwa ɗaya uba ɗaya ne, Bature ne ya ja layi a tsakani. Kullum sai an tashi baram-baram.

"Baba, don Allah," in ji Mubarak wata rana, "sori ɗin nan fa kalma ɗaya ce. Ka yi masa ko da saƙon murya ne, ni zan tura."

"Ni zan ba da haƙuri don na faɗi ra'ayina a ƙasata? Tashi ka ba ni wuri!"

Hajiya Ladi ta yi magana har ta gaji. Fiddausi ita kaɗai ce ba ta ce uffan ba. Ita ke kai masa abinci, ita ke goge masa kaya, ta durƙusa ta gaishe shi safe da yamma kamar da. Sai dai ta rame, dariyarta ta ɗauke daga gidan. Da wani ɗan abokinsa ya aiko neman izinin zuwa zance, ta ce, "Baba, in ka umarce ni zan fita. In zaɓi ka ba ni, ina jira." Bai umarce ta ba. Ya kalle ta kawai, ya kau da kai.

Azumi ya zo ya wuce, aka yi Sallah ƙarama da babba, damina ta sauka. A cikin watan Agusta, ana tsaka da ruwa da rana, wayar Fiddausi ta yi ƙara. Muryar Lawali ce, a dishe.

"Inna ta rasu da safen nan. Jiya ma sai da ta tambaye ki."

Fiddausi ta zauna a ƙasa inda take tsaye, ta fashe da kukan da ta daɗe tana haɗiyewa. Malam Shehu ya fito, ya ji abin da ya faru, ya yi salati. Ya shiga ɗaki ya sa babbar riga kamar mai shirin tafiya ta'aziyya, ya zo har zaure, ya tsaya. Da wace fuska zai shiga gidan? Ya koma ya tuɓe rigar.

A makon ne Malam Ishaya ya zo duba shi, don ya kwana biyu bai gan shi ba. Tsohon abokin aikinsa ne, mutumin Filato, tare suka koyar tun suna samari, a Katsina ya haifi 'ya'yansa duka. Fiddausi ta kawo masu ruwa, tana jin Malam Shehu yana ba shi labari, yana ƙarewa da cewa, "Mutumin nan ya ɗauki abin da zafi ne kawai. Kowa ya san ba da shi nake ba."

Malam Ishaya ya juya kofin a hannunsa.

"Hedimasta, in faɗa maka wani abu? Ranar nan ni ma ina sauraro, muna shirin tafiya coci. Da ka ce a tattara su kowa ya koma, matata Rahila ta ajiye ɗankwalinta ta dube ni, ta ce, yau 'yan Nijar ne, gobe su wa? Na ce mata haba, Shehu ne fa, ba da mu yake ba. Ta ce to da wa yake?"

"Ishaya! Kai ma?"

"Ban riƙe ka ba, na san zuciyarka. Amma rediyo ba ya ɗaukar zuciya, murya kawai yake kaiwa. Kai kana ɗaki kana ganin gwamnatoci a idonka, mu da muke waje kanmu muka gani."

Malam Ishaya ya yi sallama ya tafi. Da Fiddausi ta zo ɗauke kofuna Malam Shehu ya ce, "Zauna, uwata." Rabon da ya kira ta da wannan suna tun kafin ranar sa rana. "Na cuce ki. Na hana mahaifiyar Lawali, baiwar Allah, ganin abin da take so ta gani, kuma wannan ba ya gyaruwa."

"Baba, na yafe tun ranar."

"Na sani. Shi ya fi yi mani ciwo."

Ranar Lahadi ya jawo rediyonsa, ya sa aka buɗe taga.

"Malam Shehu Hedimasta! Kwana da yawa!" in ji mai gabatarwa.

"Ba muhawara na kira yi ba," ya ce. "A nan na yi ɓarna, a nan zan gyara. Har gobe ina ganin ficewar nan kuskure ce, ra'ayina bai sauya ba. Amma na ɗauki fushin da nake yi da masu mulki na sauke a kan mai shayi da mai ga-ruwa, waɗanda ba su ci mani komai ba. Na ce a kore su. Ban kyauta ba. Duk wanda maganata ta taɓa, a nan ko a ƙetaren boda, ya yafe mani don Allah."

Da azahar Lawali ya kira.

"An kunna wa Baba maganar Malam a kasuwa, ya ji. Da muka dawo daga masallaci ya ba ni saƙo. Ya ce goron wancan karon ya bushe tuni, amma ba a daina sayar da goro a Maraɗi ba. In Malam ya nemi zuwa, ƙofa a buɗe take."

Fiddausi ta yi hamdala tana hawaye. Daɗin bai cika ba, don wadda ta share mata ɗaki ba za ta ga shigarta ba. Haƙurinta ya dawo mata da Lawali ba tare da ta ɓata da kowa ba, amma watannin da girman kai ya cinye sun tafi da abin da ba ya dawowa. Wannan shi ne abin lura ga duk mai magana a bainar jama'a: in ka ce "su", ka tabbata akwai mai sauraron da zai ji da shi kake, kuma sau da yawa naka ne. In kuwa kuskure ya auku, a gaggauta ba da haƙuri tun waɗanda ake bin hakkinsu suna raye.

Washegari da hantsi Malam Shehu ya zauna rubuta wasiƙar ta'aziyya da neman izinin zuwa Maraɗi da ƙafarsa. Mubarak ya ce a ɗauki hotonta a tura ta waya, minti ɗaya ta isa.

"A'a. Da sauri na ɓata, bari in gyara a natse."

Da yake Alhaji Sani ba ya karatun boko, da ajami ya rubuta, rubutun da rabonsa da shi tun yana yaro. Ya yaga takarda ya sake, ya yaga ya sake, har ta yi yadda yake so. Ya naɗe ya miƙa wa Fiddausi.

Ita da Mubarak suka kai tasha. An yi yayyafi da safe, ƙasa tana ƙamshi. Motar Maraɗi ta kusa cika, direban yana ɗaure kaya a sama. Ta gaishe shi, ta faɗa masa sunan Alhaji Sani da unguwarsu.

"Na san gidan," ya ce. "Kafin la'asar tana hannunsa, in Allah ya so."

Ya sa wasiƙar a aljihun gaba ya danne maɓalli. Fiddausi ta tsaya, ƙamshin turaren marigayiya yana tashi daga mayafinta, har motar ta fita daga tasha ta ɗauki hanyar Jibiya.