Wanda Ya Hau Rumfar Tasalla

Dutse ne ya haɗa su. Mudi yana durƙushe a gindin kanya yana ɗana tarko, sai ya ji abu ya sauka a kafaɗarsa, tim! Ya ɗaga kai. Can a bakin gonar masara, a kan wata doguwar rumfa, ga budurwa tsaye da majajjawa a hannu.

"Sannu," ta ce, ko murmushi babu. "Na ga abu yana motsi, na ɗauka biri ne."

"Yanzu da kika ga mutum ne fa?"

"Mai rarrafe a gindin kanya, ai sai ya faɗa da bakinsa."

Sunanta Tasalla, 'yar Mainasara, wanda gonarsa ce ta ƙarshe kafin a faɗa dajin Falgore ta wajen Doguwa. Aikinta tsaron masara. Daga fitowar rana har faɗuwarta tana kan rumfar nan, tana kaɗa gwangwani tana jifan birai. A damunar da ta biyo bayan zuwan Sarauniyar Ingila Kano aka yi wannan.

Shi Mudi ɗan maharba ne, amma ba kisa yake yi ba. Wasu ma'aikatan lafiya ne suka sauka a Tudun Wada, suka ɗauke shi yana kamo musu birai da rai. A aske wa biri damtse, a zuƙi jininsa a kwalba, a aika can Ikko, babban birnin ƙasa, shi kuma a sake shi ya koma daji.

Tun daga ranar da dutsen nan ya same shi, tarkon Mudi bai ƙara sanin wata kanya ba. Ita tana kiransa Sarkin Birai, shi yana kiranta 'Yar Sama. Tana sama yana ƙasa, haka suke zance, wuyansa ya ƙage bai damu ba.

"'Yar Sama, ba kya gajiya da zama ke kaɗai?"

"Da ina gajiya. Yanzu ina da abin dubawa a ƙasa."

Da magana ta yi nisa, ya tura baffansa da goro. Goron ya dawo ko ganyen ba a kwance ba. Mainasara ya ce ba ya ba wa mai wasa da jinin biri 'yarsa. Dama mutanen gari sun fara tsegumi, wai biran nan masu askakken damtse cuta ake ɗura musu a sako su cikin gonaki. Wanda ya fi kowa yaɗa zancen kuwa Uba ne, wani mai haƙar kuza a Riruwai, mai sabon keke, shi ma Tasalla yake nema.

Zancen ya kai kunnenta, ta daina leƙowa ƙasa. Sai ta bakin Goggo Asabe, ƙanwar ubanta, saƙo ya iso wa Mudi: "Ka faɗa min gaskiya ko da za ta raba mu. Zuƙa kuke yi ko ɗurawa?"

Ya ce, "Goggo, ki ce mata zuƙa muke yi. In ƙarya nake, kada Allah ya nuna min fuskarta."

Ana cikin haka Malam Abdussalami, babban ma'aikacin da yake yi wa aiki, ya kira shi gefe. Fuskarsa ba walwala.

"Cutar shawara muka zo nema a jinin biran nan, mun kuwa same ta. To amma an aiko daga Ikko, wai akwai wata ƙwayar cuta daban, 'yar uwarta ce, ba su taɓa ganin irinta ba. Ko suna ba ta da shi. Suna zaton sauro ne ke ɗebo ta daga biri a saman bishiya ya kai wa mutum."

"Ai an yi min lambar rigakafi, Malam."

"Lambar shawara aka yi maka. Wannan ban ce za ta tare ta ba."

"Biran ina ne?"

"Na kurmin bayan gonar Mainasara."

Rumfar Tasalla tsayinta ɗaya da rassan da biran ke kwana.

Mudi ya tafi kai tsaye, ya durƙusa a zauren Mainasara ya gaishe shi, ya zayyana masa komai.

Tsohon ya dube shi sama da ƙasa. "Na hana ka ta ƙofa, shi ne ka biyo ta katanga? In sauko da ita birai su cinye min abincin shekara? Ɗa namiji gare ni da zan ɗora?"

"Baba, a sa Uba mana, tunda shi ake so."

An kuwa taɓa Uba da maganar. Ya ce shi da ke karɓar albashi ba zai zauna yana kaɗa gwangwani kamar mahaukaci ba.

Washegari da safe Tasalla ta iso gona, ta tarar babu tsani. An janye shi sama. Mudi na zaune a wurinta, gwangwaninta a hannunsa.

"Me kake yi a nan?"

"Tsaro. Koma gida, 'Yar Sama."

"Ka san abin da mutane za su ce?"

Ya sani. A ƙasar nan ba mai yi wa dattijo aikin gona irin wannan sai saurayin da aka riga aka ba wa 'ya. Kafin hantsi labari ya zaga gari, Mainasara ya iso yana huci, sanda a hannu.

"Sauko, ɗan nema! So kake a ce na ba ka ita?"

"Baba, ban ce ka ba ni ba. Masararka nake tsaro. Ranar da aka karye ta zan sauko, ka ba wa wanda ka ga dama. Amma ita ba za ta ƙara hawa nan ba ina numfashi."

Tsohon ya yi zagi har ya gaji. Rumfa ba ta da tsani, shi kuma ba yaro ba ne. Ya juya ya tafi.

Haka Mudi ya ajiye aikinsa ya zauna. Ruwa ya dake shi, rana ta gasa shi, da yamma sauro ya yi masa rubdugu. Goggo Asabe ke kawo masa tuwo, tare da saƙo kullum. "Ta ce ka rufe jikinka." "Ta ce wuyanta ne yanzu ya ƙage, don daga tsakar gida take hangen sama."

Masara ta kusa bushewa, wata rana da hantsi Goggo ta ji gwangwani shiru. Da igiya aka sauko da shi. Jiki kamar garwashi, ido jawur, gaɓoɓi duk sun riƙe, bai san wanda ke kansa ba. Malam Abdussalami ya zo ya zuƙi jininsa kamar yadda suke yi wa birai. Aka tambaye shi magani, ya ce, "Cutar da ba ta da suna, ina za ta sami magani? Ku ba shi ruwa, ku yi addu'a."

Tasalla ta daina cin abinci. Ta durƙusa gaban ubanta, abin da ba ta taɓa yi ba, ta ce, "Baba, shimfiɗata yake kwance a kai. Ni ce ya kamata in kasance a wurin."

Mainasara ya miƙe. Ya shiga rumbu ya dubi masarar da aka fara tarawa, ya fito ya dubi 'yarsa tsaye da ƙafarta. Ya ɗauki sandarsa ya nufi gidan maharba.

Ya zauna a bakin tabarmar da Mudi ke kwance ya daɗe. Can Mudi ya buɗe ido, da ƙyar ya gane shi, ya yunƙura zai gaishe shi.

"Kwanta," tsohon ya ce. "Kai mai taurin kai ne, ni ma haka. Ka yi min aikin suruki ban sa ka ba, gari duk ya shaida. Yanzu in ka mutu, wa zan ba wa? Ka tashi. Ba na son asara."

Mudi ya tashi, amma ba da wuri ba. Sai da kaka ta wuce yana dogara sanda, ya rame kamar kara. Mainasara da hannunsa ya sare rumfar, ya bar wa daji wannan gefen gonar.

Bayan ƙaramar salla aka ɗaura aure. Liman ya yi addu'a, ya roƙa musu zuri'a da lafiya, jama'a suka shafa. Har ranar ba a aiko da sunan cutar daga Ikko ba.

Da aka kai amarya mutane suka watse, ta ɗaga mayafi ta dubi ramammiyar fuskarsa, hawaye ya zubo mata.

"Da ka mutu fa?"

"Da kin rayu," ya ce. "Dama shi na hau nema."

Allah ya bar su tare, ya raba su da cutar da aka sani da wadda ba a sani ba.