Sifili Goma Sha Ɗaya

Goro ne ya mayar da Datti ofis ran nan. Matarsa Safara'u ta haihu kwana biyar ke nan, jibi suna, shi kuwa ya sayo ƙwaryar goron gayyata ya manta da ita a ƙarƙashin teburinsa. Sai da ya isa bakin Unguwar Kanawa ya tuna. Ya dubi sama, hadari ya haɗu, rana ta yi ja. Ya yi tsaki, ya juya kan kekensa.

Datti akawu ne a wani ofishin gwamnati a Kaduna, ɗan makarantar Midil mai ji da kansa, wanda ko rularsa ba ya bari a taɓa. Tun farkon daminar 1952 aikinsa ɗaya ne. Fayilolin ƙidayar jama'a sun zo daga unguwanni da ƙauyuka, ɗari da sittin da ɗoriya, wani gara ta ci gefensa, wani ruwa ya jiƙa shi. Shi zai kwashe lambobinsu ya zuba a jadawali guda, takarda mai faɗin tabarma. Kowane gari da layinsa, kowane layi da gurabunsa: maza, mata, tsofaffi, yara, jarirai. Ya jera garuruwan bisa tsarin haruffa, abin da yake yawan yi wa abokan aiki fariya da shi. Da safe jirgin ƙasa zai kai takardar Ikko, inda aka ce akwai inji mai cin kati yana haɗa lissafi. Injin kuwa ba ya karɓar gurbin da ba lamba.

Matsalar ita ce fayil goma sha ɗaya sun zo gurbin jarirai fayau. Iyaye sun ƙi a ƙirga musu jarirai don tsoron baki, malaman ƙidaya suka tsallake. Malam Sanda, tsohon akawun da Datti ya gaji kujerarsa, ɗan gajeren layi yake ja a irin wannan gurbi. Ya taɓa jan kunnen Datti kada ya kuskura ya sa sifili inda ba a ƙirga ba, domin "ba a sani ba" daban, "babu" daban, kuma ba mutane kaɗai ke karanta takarda ba. Datti ya ɗauka tsufa ne. Da Baturen ofis ya ce a cike gurabu kafin jirgi, sai ya dangwali tawada ya zana sifili goma sha ɗaya, kowanne zagaye tsaf. Ɗaya a layin Unguwar Kanawa yake. Har murmushi ya yi, ya ce a ransa ai 'yarsa bayan ƙidaya ta zo, ba ruwanta.

Da ya isa ofis duhu ya fara. Mamman maigadi ba ya bakin ƙofa, sai butarsa da tabarma. Jemagu suna ta shawagi a kan mangwaro. Datti ya jingine keke, ya bi baranda, takalminsa na ƙara a kan siminti.

Ƙofar ɗakinsu a buɗe take. Shi da hannunsa ya kulle ta.

Ɗakin fayil warin danshi yake yi kullum, da ƙura da kashin ɓera. Yau wani ƙamshi ne ya tare shi, hayaƙin ice da kunun kanwa da nono, sak ɗakin mai jego.

Sai ya ji motsin takarda.

An shimfiɗa jadawalinsa a kan babban tebur. Wata mace tana zaune a kujerarsa, doguwa, har lulluɓinta na gogar silin ko da yake zaune take. A cinyarta majanyai ne a ninke, irin na goyo. Bayanta ya yi tudu a ƙarƙashin mayafi, tudun kuma yana motsi. Yatsanta ɗaya na bin layukan daga sama zuwa ƙasa, duk inda ya bi sai takardar ta jiƙe.

Datti ya tsaya a bakin ƙofa.

"Kai ne mai alƙalamin?" ta tambaya ƙasa-ƙasa, ba ta ɗago ba.

"Ni ne, Iya."

"Ka kyauta. Wancan tsoho shekara da shekaru bai taɓa bar mana ko guda ba."

Yatsan ya tsaya a kan wani sifili, layin Rafin Marke. Ta zari majanyi ɗaya, ta kai hannu baya ta ɗaura. Daga ƙarƙashin mayafin wani siririn kuka ya fito, muryoyi da yawa a haɗe. Sai ya yanke.

Datti ya tambaye ta me take ɗauka.

"Abin da ka shaida babu. Abin da babu ai ba na kowa ba ne."

Ya dubi cinyarta. Saura majanyi huɗu. Ya san jadawalin nan kamar tafin hannunsa: akwai sifili ɗaya a Sabon Gida, sannan Unguwar Kanawa, sannan Wasangu da Zangon Tudu can ƙasa.

Yatsan ya ci gaba da gangarowa.

Rezar fiƙe fensir tana cikin aljihun teburinsa, aljihun kuma dab da gwiwarta. Ya durƙusa. Sanyi na fitowa daga zanenta kamar bakin rijiya. Ya ja aljihun a hankali, katakon ya yi ƙara. Ba ta kula shi ba. Ya lalubo rezar, ta yanke shi a yatsa, bai ji ba.

Sabon Gida ne ya fi kusa da yatsanta. Ya gan shi sarai. Ya tsallake shi ya tafi layin unguwarsa.

Ya fara kankarewa. Tawada ce mai kyau, shi ya zaɓe ta. Ta kama takarda ta ƙi fita.

Kuka ya sake tashi a bayanta, ya yanke. Saura uku.

Yana kankara, gumi na ɗiga masa a ido. Yana jin numfashinta a ƙeyarsa. Layi biyar tsakaninsu. Uku. Rezar ta huda takardar, sifilin ya fita da guntun takardar ya bar rami.

Yatsan ya iso. Ya tsaya a bakin ramin, ya daɗe.

"Nan kuma nawa ne?"

"Ba a sani ba, Iya."

Sannan ta ɗauki majanyi ɗaya ta ajiye gefe, yatsan ya wuce.

Rezar na hannunsa. Wasangu da Zangon Tudu suna nan ƙasa, tazarar taƙi ɗaya, kuma yatsan ba sauri yake yi ba. Da Datti ya tsaya, da ya samu kankare ko ɗaya.

Datti ya ruga.

Yana kan baranda ya ji kukan farko. Yana hawa keke ya ji na biyu. Ruwa ya kece, ya yi ta tuƙi bai waiwaya ba, har ya faɗi sau biyu a taɓo.

A gida ya tarar da mata cike da tsakar gida. Gwaggonsa Hansai, mai yi wa Safara'u wankan jego, ta ce da magariba jaririyar ta sandare a hannun uwarta, jiki ya yi sanyi, har an fara salati. Can sai ta yi atishawa ta fashe da kuka. Ta tambaye shi ina goron, da abin da ya sami yatsansa. Ya karɓi 'yar ya rungume, ya yi ta kuka a gaban mata, abin da ba a taɓa gani ya yi ba.

An raɗa mata suna Amina. A bayan wuyanta akwai wani ɗan tabo zagaye, fatar wurin kamar an kankare.

Washegarin daren nan Mamman maigadi ya rantse bai ga kowa ya shiga ba. Jadawalin ya tafi Ikko da raminsa, Bature ya yi faɗa ya gaji. Bayan mako uku wani siririn fayil ya zo daga wajen malaman asibiti, a kansa an rubuta sunan Wasangu. Datti bai buɗe ba, ya tura teburin gaba. Kafin ƙarshen wata ya nemi a mayar da shi sashen aika wasiƙu, bai ƙara jan layin jadawali ba.

Amina ta girma, ta yi aure, ta ba shi jikoki. Amma sunayen garuruwa goman nan, har Datti ya tsufa yana iya jero su bisa tsarin haruffa, yakan kuma yi hakan shi kaɗai bayan sallar magariba. Takwas yake faɗa a fili. In ya zo kan biyun ƙarshe, sai leɓensa kawai ke motsi.