Saƙon da Khaulat Ta Goge

Ranar da Khaulat ta fara ganin Najmuddeen, zafi ake irin na ƙarshen bazara, wanda ko a inuwa mutum yake gumi na bin bayansa. Mahaifinta, Alhaji Bappayo, ya aike ta ofishin ƙungiyar manoma da ke Azare ta karɓo masa irin riɗi. Ta ɗauki ƙunshinta za ta fita, sai wani dogon saurayi ya ɗago kai daga wata na'ura mai kama da agogon bango.

"Malama, da kin ɗan dakata. Hadari na tafe da iska."

Ta leƙa waje. Sama fes.

"Malam, ko dai hira kake nema?"

Ya yi murmushi, ya nuna mata allurar na'urar. "Wannan nauyin iska take aunawa. Idan ƙasa ta yi zafi haka, iskar da ke kanta takan yi sama, sai matsinta ya ragu. Iska mai danshi ta rugo ta cike gurbin, ita ma ta hau, ta yi sanyi, ta zama girgije. Tun hantsi allurar nan take sauka."

Ta zauna ne don ta ƙaryata shi. Kafin la'asar gabas ta yi baƙi ƙirin, iska ta ɗauke rumfar mai lemo da ke bakin titi. Suka tsaya a baranda suna kallon ruwa, shi kuma rabin kallonsa a kanta yake. Da ruwan ya tsagaita ta ba shi lambarta, ta ajiye tasa da sunan Malam Hadari.

Damina ta yi nisa, soyayyarsu ma haka. Kullum da safe saƙonsa ke fara shigowa.

"Khaulata, yau sama a sake take, ba ruwa. Ki yi shanyarki hankali kwance, amma ki tuna da ni."

Ita kuma ta amsa, "Yaya Najmu, ko ba ka ce ba."

Abu biyu ne suka hana ta sakewa. Na farko Alhaji. Ya yarda saurayin ya riƙa zuwa gaisuwa a zaure, amma ya ce kada a turo manya.

"Ba zan ba da 'yata ga mai cewa ya san gobe ba," ya ce wa Inna, mahaifiyarta. "Ruwa na Allah ne. Wannan da duba me ya raba su?"

Na biyu ya fi ci mata rai. Sunanta Ya Gana, abokiyar karatun Najmuddeen, wadda ke kula da irin wannan na'ura a Dagauda. Da yake hadari daga gabas yake tasowa, ita ke fara ganinsa, don haka sau uku a rana take turo masa awo. Khaulat ta taɓa ganin hotonta: fara, mai wushirya, tana dariya da hular rana a kan mayafi.

"Dole sai ita? Duk ƙasar Katagum ba namiji mai duba allura?"

"Aiki ne, Khaulata."

"Aikin ne ya sa take ce maka Najmu?"

Ya yi dariya. Dariyar ta ƙara ƙona mata zuciya. Idan ya kira Ya Gana suna maganar matsi da danshi, suna katse juna suna fahimtar juna, sai Khaulat ta ji kamar baƙuwa ce ita a zauren gidansu.

Ran nan, a ƙarshen damina, ya zo da yamma fuskarsa ba walwala. Ya ce allura ta sauka sosai, zafin kuma ya yi yawa, yana jiran awon Dagauda ne kawai ya tabbatar. Aka kira la'asar, ya bar wayarsa a kan tabarma ya fita masallacin ƙofar gida.

Wayar ta yi haske. Khaulat ta ce a ranta ba za ta duba ba. Ta duba.

"Najmu, matsi ya fara hawa a nan, iska ta karkata. Hadarin zai bi ta Misau, ba zai same ku ba. Jiya ban ji muryarka ba, duk sai na ji ba daɗi. Ka kula min da kanka."

Layin ƙarshen kawai idonta ya riƙe. Ka kula min. Ta danna, ta goge saƙon, ta mayar da wayar yadda take.

Da ya dawo ya duba, bai ga komai ba. Ya kira Ya Gana sau uku, layin bai shiga ba. Khaulat ta buɗe baki, kunya ta rufe shi.

"Riɗin Baba yana tsaye a gona, ko?" ya tambaya.

"An yanke, yana shan iska."

Ya tari Alhaji a ƙofar gida, ya durƙusa. "Baba, ban san gaibu ba. Amma alamun da nake gani, akwai ruwa da iska mai ƙarfi kafin safiya. Da an kwashe riɗin nan an rufe."

Alhaji ya daɗe yana kallonsa. Inna ta saka baki daga cikin gida, ta goyi bayan saurayin. A karon farko Alhaji ya saurare shi. Ya tara mutane suka nufi gonarsa ta hanyar Bulkachuwa da tampol. Riɗin da ya fara bushewa ba ya son taɓi. Duk damin da aka ɗaga sai ƙwaya ta zube a ƙasa kamar yayyafi.

Gari ya waye ko ɗigo bai sauka ba.

A majalisar ƙofar gida har da masu tafa hannu. "Ina ruwan surukin naka, Alhaji?" Ranar Alhaji ya ƙi cin abincin rana.

Da azahar saƙo ya shigo wayar Khaulat.

"Na samu Ya Gana. Ta ce ta turo min saƙo jiya lokacin la'asar. Wayata a wurinki na bari."

Ta rubuta ta goge, ta sake rubutawa. A ƙarshe ta tura, "Ni ce. Ka yafe min."

Bai amsa ba.

Da yamma ta hango shi ta tagar zaure. Ya cire takalmi ya durƙusa a gaban Alhaji, mutane na zaune.

"Baba, na zo ba da haƙuri. Na yi magana da awon wuri ɗaya, ban jira na biyu ba. Gaggawata ce ta jawo maka asara. Laifina ne."

"Kai kaɗai?"

"Ni kaɗai, Baba."

Ya tashi ya tafi bai ko waiwayi zauren ba. Kwana huɗu ba saƙon safe. Khaulat ta riƙa zana shi a ranta yana hira da Ya Gana, yana ba ta labarin yarinyar da ba ta san darajar aikinsa ba. Kishin bai ragu ba, sai dai yanzu ta san ita ta buɗe wa wata ƙofa da hannunta.

A rana ta biyar ta samu Alhaji yana alwala. Ta durƙusa nesa kaɗan.

"Baba, an turo masa cewa ruwan ba zai zo ba. Ni na goge saƙon."

Ya ajiye buta. "Saboda me?"

"Mace ce ta turo."

Ta jira faɗa.

"Lokacin da ya zo gabana, ya san ke ce?"

"Ya sani, Baba."

"Kuma ya bari aka yi masa dariya." Ya girgiza kai. "Boka ba ya cewa na yi kuskure, Khaulatu. Kuma ba kowane namiji ke rufa wa mace asiri a gaban mutane ba. Ke kam kin ba ni kunya. Tashi ki gyara abin da kika ɓata."

Ta fara da wanda ya fi wuya. Ta nemi lambar Ya Gana a ofis, ta kira ta, ta faɗi komai.

Ya Gana ta ja numfashi. "Ba zan yi miki ƙarya ba, na so shi tun muna makaranta. Amma ko awo na kira in ba shi, sai ya saka sunanki a ciki. Ni ma na wuce gona da iri a saƙon nan. Daga yau lambobi kawai zai gani."

Sannan Khaulat ta rubuta wa Najmuddeen: "Na faɗa wa Baba gaskiya. Na ba Ya Gana haƙuri. Ba zan ce na daina kishinka ba, amma ba zan sake taɓa aikinka ba."

Amsar ta zo kafin ta ajiye wayar.

"Kishin ki riƙe abinki, Khaulata, ina so. Amanar kawai nake roƙo. Baba ya aiko in turo manya ranar Juma'a."

Ta kifa fuska a cinyar Inna tana kuka da dariya a haɗe.

Bayan an gama kaka aka ɗaura aure a Azare, da hantsin wata Asabar. Ya Gana ta zo daga Dagauda da turaren wuta na Barebari cikin kwalba. Khaulat ta rungume ta da zuciya ɗaya, amma da ango ya shigo gaisuwa sai da ta saci kallo ta ƙarƙashin mayafi ta ga inda idonsa ya fara sauka. A kanta ya sauka.

Alhaji Bappayo ya sa suka durƙusa a gabansa. Ya dafa kan 'yarsa, ya riƙe hannun surukinsa.

"Najmuddeen, ga ta nan, da halinta duka na ba ka. Ke kuma, idan zuciya ta tafasa, ki tambaya kafin ki aikata. Allah Ya ba ku zaman lafiya, Ya ba ku zuri'a mai albarka, Ya sa ku tsufa tare."

Gidan ya amsa da amin. Guɗa ta tashi daga tsakar gida, Najmuddeen ya sunkuyo ya ce a hankali, "Amaryata, mu je gida."